Ɓoye Babban Yatsa

Ranar Asabar, a wani fili bayan Refil,
an jera su bakwai ƙarƙashin rumfa
kamar tsofaffin da aka yi wa wanka
aka zaunar su jira baƙi.
Ta huɗun na zo gani.
Baƙa ce, gajera, idanunta waje,
ƙafafunta sirara kamar na keke.

Dalyop mai gwanjo ya ɗaga takarda:
ƙirar Ingila, alif ɗari tara da ashirin da takwas,
fistin huɗu, giya uku,
lagireto mai shan ruwa ba famfo,
maganeto mai haifar wutar kansa.
Ta zo a jirgin ruwa, ta hau na ƙasa,
ta sauka Bukuru cikin akwatin katako.
Baturen kuza ya fara hawa,
sai wani Kwara mai kantin yadi,
sai hedimasta a Barikin Ladi,
sai kaji, shekara talatin suna ƙwai a kujerar baya.
Jama'a suka yi dariya.

Takardar ta san kowa.
Ba ta san Jatau ba.

Jatau ubana, yaron mota,
mai sisi a yini, in Bature ya tuna.
Shi ke tashi kafin zakara
cikin sanyin da ke tsinke yatsu,
ya ɗura mata ruwan zafi a buta,
ya goge fulogi da bakin rigarsa,
ya durƙusa gabanta kamar mai gaisuwa,
ya soka ƙarfe a hancinta, ya murɗa.
Wata safiya ta yi tutsu,
ƙarfen ya dawo da baya.
Har ya rasu da hagu yake miƙa kuɗi,
yana ba mutane haƙuri,
don damar ta kwanta a karkace
kamar hanyar Naraguta.

Aka fara tayi.
Tayoyi huɗu gare ta, duk sun tsage,
amma taya ta ake yi da miliyoyi.
Ashirin. Albarka. Talatin. Albarka.
Wani yaro mai farar shadda
ya manna waya a kunne,
ubangidansa na Maitama yana cewa ƙara.
Na ƙirga a zuci:
sisi nawa ke cikin miliyan arba'in?
Lissafin ya ƙi ni.

Guduma ta faɗi.
Daga can aka ce ana so a ji muryarta.
Samari suka shiga neman ramin makulli,
wannan ya leƙa ƙasa, wancan ya danna ƙaho.
Na ce, ku matsa.

Shekarata tamanin ba ɗaya.
Na ja cok, na shafa kafireto
har ta yi ƙwallar fetur.
Na durƙusa inda ya saba durƙusawa,
gwiwoyina suka yi ƙara kafin injin.
Sau ɗaya, shiru.
Sau biyu, ta yi tari irin na masu haƙar kuza.
A na uku ta kama,
tif, tif, tif,
a hankali, kamar sakan daka a gidan da ba yunwa.
Hayaƙin ya bugi hancina,
sai ga warin rigar ubana.

An yi tafi. An ɗaga wayoyi.
Yaron shadda ya dunƙulo mini dubu biyar.
Na mayar masa, na kama damarsa,
hannu mai laushi, bai taɓa karyewa ba.
Na ɗora shi kan ƙarfen,
na lanƙwasa babban yatsansa gefen 'yan'uwansa.
Na ce: ja sama, kada ka danna ƙasa,
kuma kullum ɓoye wannan.
Ba a rubuta shi a takarda ba.
Wani ya riga ya biya kuɗinsa.

Da la'asar aka ɗaure ta a bayan tirela.
Ta nufi Abuja tana kallon baya.
Na tari Keke zuwa Gangare,
ana yayyafi.